Shekarar da Na Dafa Fitsarin Babanku

Na san abin da aka faɗa muku. An ce a shekarar da ƙasar nan ta samu 'yancin kai kowa a Tamale ya ci ya ƙoshi sai babanku, wai ni na tsaya a kansa da muciya na hana shi tuwo. Gwaggonku Hajo, yayarsa, Allah ya jiƙan ta, ta kai labarin nan har Kumasi ba ta hau lore ba, bakinta kaɗai ya yi tafiyar. To ta tafi, shi ma ya tafi, saura ni, yau ba mai katse ni.

Lokacin muna Zango, a gidan haya mai darbejiya a ƙofa. Babanku tela ne. Keke yana da shi, amma abin da ya yi suna a kai aikin hannu ne, wuyan batakari, rigar nan ta saƙi. In ya yi maka wuya, ko bashi ake bin ka sai an tsaya an yaba rigar kafin a shaƙe ka. Ni kuma ina sayar da wake da shinkafa a tasha. Ana cikin haka mutumin nan ya fara shan ruwa. Kun san ranin Tamale, ruwa ba abin wasa ba ne, mace ta yi sammako ta je dam ta dawo wuya ya sage, shi kuma ya zauna ya shanye randa kamar an ɓoye raƙumi a cikinsa. Ya sha ya zagaya, ya sha ya zagaya, har hanyar bayan gida ta yi santsi. Yana ci kamar mutum uku yana ramewa, wandonsa sai da na ƙara wa mazagi ƙulli. Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne safiyar da na same shi ya ɗaga allura sama yana bin ta da zare, zaren na wucewa ta dama, ya wuce ta hagu, ramin allura na nan yana kallonsa.

"Lami, zo ki ga wannan allura," ya ce. "Turawa sun fara yin ta ba rami."

Na karɓa na zura zaren. Tun daga ranar, kullum da safe kafin in ɗauki tukunya, sai in zura masa zare a allurai masu yawa in soke su a jikin wani tsumma, ya sa a aljihu ya tafi shago. Ba wanda ya sani. Tela in aka ce ba ya gani, ya gama. Ga shi kuma an kawo masa aikin ƙananan tutoci na sabuwar ƙasa, waɗanda 'yan makaranta za su riƙa kaɗawa. Ja, rawaya, kore, wannan keke ya yi. Amma baƙin tauraron tsakiya na farko da ya ɗinka, da na gani na ɗauka ƙadangare ne mota ta taka.

Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne, shi ke sa hazo a idon, in aka kula zai iya washewa, in aka yi wasa idon zai tafi gaba ɗaya. Ya yi dogon bayani da Turanci, wanda ya fassara mana ya dunƙule shi duka ya ce, "Ban da suga." Na ce a raina, ashe ciwon mai sauƙi ne. Na dawo gida na ɗauke gwangwanin suga na ɓoye a ƙarƙashin gado. Koko ba suga, shayi ba suga. Tunda kuma mutum ya rame, ai sai a ƙara masa abinci: burodi da safe, shinkafa da rana, tuwo malmala biyu. Gwaggonku Hajo ta zo daga Kanvili da kwalbar zuma, ta ce a riƙa zuba masa a koko, ai zuma ba suga ba ce, magani ce. Muka yi ta yi masa hidima, mutum na ta ƙarewa.

Akwai wani mai haɗa magani a asibitin, mutumin kudu, kowa Masta yake ce masa. Kullum a wurina yake cin rana. Hausarsa ba ta san mace ba, kowa "kai" ne a wurinsa. Ya tambaye ni jikin maigida, na lissafa masa abin da nake ba shi ina jiran yabo. Sai ya ajiye cokali.

"Mma Lami, kai kana kashe miji naka."

"Da me? Rabon gidana da suga har tururuwa sun yi ƙaura."

"Wannan fa?" Ya nuna tukunyar shinkafa.

"Masta, ka sha rana ne? Gishiri na sa mata."

"Ɗauki kaɗan, ba miya. Tauna. Kada ka haɗiye sai na ce."

Na ɗauka na fara tauna. Ina tsaye a tsakiyar tasha ina tuƙa kamar akuya, direbobi na kallona, wani ya ce ko aljanu ne suka hau. Na tauna har muƙamuƙina ya gaji, shinkafar ta zama ruwa. Can sai na ji wani ɗan zaƙi siriri ya taso ta gefen harshe. Ni na dafa ta, na san abin da na sa, ga shi ta yi zaƙi a bakina ba wanda ya taɓa ta. Masta ya ce abin da ta yi a baki kaɗan ne, a ciki take yin sauran. Tuwo haka, doya haka, burodi haka, dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, haka, zuma kuwa ba a magana. Jikin mai lafiya ya san inda zai kai wannan zaƙin, na babanku ya manta hanya, sai ya taru a jini ya malalo a fitsari. Bai ce a hana shi gaba ɗaya ba, ya ce a rage, a cika kwano da wake da ganye da kifi, kuma kada a daina zuwa ganin likita.

Ni fa kun san ni. In aka ce mini akwai abu a cikin rami, sai na leƙa. Na ce yaya aka yi suka san da suga a fitsari, lasa suke yi? Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce in zo in gani. Na je na gani: siririyar kwalba kamar yatsa, da wani ruwa shuɗi kamar bular wanki. A ɗiga fitsari kaɗan a ciki a ɗora a wuta. In ya tsaya shuɗi, lafiya lau. In ya koma kore, akwai kaɗan. Rawaya, da yawa. Ja kamar ƙasar hanyar Yendi, abin ya kai maƙura. Na manne wa mutumin nan, na hana shi sakat, na riƙa sa masa ƙwan zabo a kan shinkafa ba tare da ya tambaya ba, har ya roƙi likita aka yarda aka ba ni kwalba ɗaya da ruwan, da sharaɗin in riƙa zuwa ina faɗin abin da na gani.

Haka na zama mai dafa abu biyu. A tasha wake da shinkafa, a bayan makewayi fitsarin babanku. Na ware fitila ta daban, na tsaga kara na maƙale kwalbar, in na gama in wanke hannu da sabulu har fata ta yi kuka. Da mutanen tasha sun ji, da ko kare ba zai ƙara cin abincina ba. Babanku da farko ya ce shi ba za a yi wannan wulaƙanci da shi ba. Da ya ga ruwan ya juye daga shuɗi zuwa ja a gaban idonsa, sai ya matso da kujera. Ya daɗe yana kallo, sannan ya jawo tuta ɗaya daga aljihu ya kara kusa da kwalbar.

"Ja a sama, rawaya a tsakiya, kore a ƙasa," ya ce. "Lami, ashe a saman tuta nake."

"To sauko da kai za mu yi, Malam, tun kafin ka faɗo."

Daga nan abin ya zame mini wasa mai daɗi, Allah ya yafe mini, mutum na ciwo ina jin daɗin bincike. In ba shi koko da burodi da safe, in dafa da hantsi: ja. In ba shi ƙosai da shayi ba suga: rawaya na neman kore. Mangwaro ya fito, na ba shi, ja har da ƙyalli. Wake da ganyen zogale da busasshen kifi: kore. Ɗan tuwon dawa kamar dunƙulen hannu a cikin tafkin miyar ayoyo, wato lalo: kore mai ɗan rawaya, ana iya zama da shi. Na gwada nawa bayan na sha rake har haƙorana sun yi tsami, ya tsaya shuɗi yana mini gwalo. Saura ƙiris in gwada na akuyar maƙwabta, ita ce ba ta ba da haɗin kai ba.

Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Fitsarin rana yana sauka, na sassafe kullum ja. Ranar da aka ɗaga tuta, garin nan kamar zai tsage, ganguna ta ko'ina, yara na gudu da tutocin babanku suna "firidam, firidam," ni ina tsugune a bayan makewayi da asuba ina kallon jan ruwa. Tuwon darena na rage shi har ya zama abin kunya, to daga ina? Na duba gwangwanin ƙarƙashin gado, yana nan yadda na bar shi. Na je shago na birkice ƙyallaye ko ya ɓoye alewa. Na shinshina bakinsa yana barcin rana, ya farka ya ce ko na koma kura ne.

Abin yana ƙofar gida, ni ina nemansa a ɗaki. Ku yanzu kowa da farantinsa a gaban talabijin, ba ku san ciyayya ba. A lokacin, in an sallame magariba, mazan layinmu sukan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar nan, kowane gida ya fito da kwanonsa, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a na kowa. Mace ba ta zuwa wurin, kwanonta ne ke zuwa, kuma kwanon shi ne fuskarta. In ya dawo a suɗe, ta yi barci da daɗi. Wata magariba na leƙa ta tsagar ƙyaure. Nawa ɗan tuwon aka lashe shi kamar ɗanɗano. Sai aka buɗe na gidan maƙwabcinmu Afa Yakubu: sakwara ce, tudu guda, in yaro ya hau sai an sa masa tsani ya sauko. Afa ya tura kwanon gaban babanku.

"Tela, ci. Ka ga yadda ka koma? Matata Azara ta ce don kai ta ƙara doya."

Wannan ya tura masa shinkafa, wancan ya tura masa dokunu. Duk layin an ji Tela ba lafiya, matarsa kuma ta rage masa tuwo, kowace mace ta ƙara hannu don tausayi. Babanku yana tsakiya kamar ango, yana ci yana godiya.

Da ya shigo na tare shi.

"Malam, na gano ɓarawon. Daga gobe a ɗaki za ka ci."

"In bar maza a waje in zo in zauna da ke da tukwane?"

"To zauna can, amma ka ci nawa kaɗai."

"Mutum ya turo mini kwanon gidansa in ture? Afa fa? Lami, gara in makance da mutuncina."

Da gaske yake, na san muryarsa. Sai na nufi Azara, matar Afa. Ba ku san ta ba, shi ya sa zan gaya muku ko wace ce. Badagomba ce, amma a Zango ta girma. Tare muka zo layin nan muna amare. Ita ta yi mini wankan jego na babbar yayarku, ni nake mata kitso, ita take mini. Na same ta tana daka, na yi mata bayani tun daga shinkafar tasha.

"Doya ce fa, Lami," ta ce. "Daga gonar babana a Gbalahi. Wa ya sa mata suga a cikin ƙasa?"

Na gutsuro doyar na ce ta tauna kada ta haɗiye. Ta tauna sau biyu ta haɗiye ta ce daɗi. Na ce to ta rage kwanon, ko ta riƙa yin wake. Nan ta jingine taɓarya.

"Kwanon Afa ya fita da wake kamar gidan da aka yi gobara? A ce me? Ke dai ki ciyar da mijinki, ki bar wasa da kwalba. Mutum in ya rame abinci ake ba shi."

Don ƙauna ta faɗa, na sani. Na dawo gida ina tunani. Ba zan iya cire shi daga tabarma ba, ba zan iya shiga tukunyar kowa ba. Amma na lura da abu ɗaya: kwanon da ya fara isowa shi ake fara buɗewa, kuma cikin namiji ba shi da ɗaki biyu. Na daina zaman tasha har yamma, ina dawowa da la'asar. Na riƙa yin tubani, garin wake a naɗe a ganye a turara, ba kwano ba, daro. In yanka shi, in soya albasa a man kaɗe, in barbaɗa yajin ƙuli. Gefe ga kwaɗon zogale, wani lokaci farfesun zabo da gauta. Liman na cewa assalamu alaikum, darona na kan tabarma yana tururi, sauran mata ko kwashe tuwo ba su yi ba. Maza suka faɗa masa. Kafin sakwarar Azara ta iso kowa ya jingina da bango yana neman ruwa. Babanku bai ture kwanon kowa ba, yakan gutsuri loma ɗaya a kowanne don hakki, ya ce alhamdulillahi. Mutuncinsa na nan, cikinsa cike da wake. Layinmu dai a watannin nan ba a son tsayawa a sahun baya, wannan kuma ba zan yi bayani ba.

Ruwan sassafe ya sauko rawaya. Kafin damina ta zauna ya fara taɓa kore. Masta ya ce likita ya ji daɗi, a ci gaba. Ni kuwa na san abin da ke tafe, domin ina ganin kwanukan mata suna komawa gida da nauyi. Wata safiya Azara ta shigo ba sallama mai tsawo, ta dire kwanonta a gabana ta buɗe. Sakwarar jiya ce, an ɗan ƙwaƙule gefe ɗaya kamar ɓera ya gwada.

"Tun da aka kawo ni gidan Afa kwanona bai taɓa dawowa haka ba," ta ce. "Kin san abin da uwarsa ta ce mini?"

"Azara, idonsa nake nema. Ba da ke nake ba."

"Da wa kike? Kin fi kowa iya girki, mun ji. Ki ciyar da layin duka."

Ta ɗauki kwanonta ta fita. Daga ranar kwanon bai ƙara fitowa tabarma ba. Afa kuma ba zai zo ya zauna hannu biyu a kan abincin wasu ba, sai ya riƙa wucewa daga masallaci kai tsaye. Ya gaisa da babanku, ya wuce. Sauran matan suka rage tuwo don kada ya dawo, suka ƙara magana. A nan aka haifi labarin da Gwaggonku Hajo ta yi ta goyo. Kaina ya yi wata da watanni ba kitso, don na ƙi zama gaban wata, ina cewa gobe Azara za ta huce.

Ana cikin sabuwar doya, wata safiya na ɗauko tsumman allurai zan zura zare kamar kullum. Na tarar duk an zura. Baƙi, fari, ja, kowace da nata, har da 'yar ƙaramar nan da ni kaina sai na fita haske. Babanku na zaune bakin gado yana shan shayinsa mara suga, yana yi kamar bai san ina ɗakin ba. Na tsaya da tsumma a hannu ina ƙirga alluran. Ya ɗago ya ƙura mini ido, ya daɗe.

"Lami," ya ce, "tun yaushe kanki ya koma haka kamar sheƙar ungulu?"

Da wannan idon ya yi ta ɗinki har ya aurar da ku duka, yana zuwa asibiti, daga baya aka haɗa masa da ƙwayoyi, kwanonsa kuma bai canja ba: wake da ganye a gaba, tuwo a baya kamar ɗan rakiya. Wanda ya ce na hana shi abinci ya je ya duba wuyan rigunan aurenku.

A ranar nan ta allurai na yi tubani mafi kyau da na taɓa yi, na zuba a kwanona na aure, na kai gidan Afa da kaina. Azara na ɗaki, aka ce tana salla, na ajiye na dawo. Da yamma aka dawo mini da shi. Na ɗaga na ji nauyi, ban buɗe ba. Bayan shekara suka tashi suka koma Gurugu. Mun haɗu a suna, mun haɗu a makoki, mun gaisa kamar mutanen kirki, kaina dai ba ta ƙara taɓawa ba. Da za a maida ni wannan shekarar, daron nan zan sake fitarwa, da wuri ma. Amma kuna yi mini dariya wai in aka kawo mini abinci, ko ba na iya ci, sai na juye shi a wani wuri na wanke kwanon tas kafin in mayar. To yanzu kun ji dalili. Na ga fuskar Azara a kan sakwarar nan, kuma ba zan ƙara sa wata mace ta ɗaga kwanonta ta ji nauyi ba.